Tsinakun da Turai ta Ɓoye

Turai matar Mu'azu ta san gaskiya ta ɓoye ta da gangan, kuma wanda ya sha wahalar ɓoyon jariri ne da bai ci mata ba bai sha mata ba.

Mu'azu ya dawo Wurno daga yaƙin Bama na zamanin Turawa da ɗingishi, da kuma sana'ar da ya koya yana kwance a asibitin soja, wato saƙa da tsinke biyu. Ya koya wa matarsa. Ya sa masassaƙi ya feƙe mata tsinakun itace masu kauri, maƙeri ya gyara mata sirara daga wayar ƙafar keke. Ya gaya mata ƙa'idar: zare mai kauri da tsinke mai kauri, siriri da siriri. Mai koyo kuma da itace zai fara, domin itace yana riƙe zare, ƙarfe kuwa santsi gare shi.

Turai ta yi suna da saƙa, sunan kuma ya yi mata daɗi. Duk macen da ta zo koyo ba ta korarta, don korar abin kunya ce. Sai ta miƙa mata siraran ƙarfe. Aikin ya lalace, matar ta koma gida tana cewa saƙa baiwar Turai ce.

Habi maƙwabciyarta ba sha'awa ta kai ta ba. 'Yarta Mairama ta haifi bakwaini a Rabah cikin tsakiyar ɗari, ana ta naɗe shi da tsumma yana zamewa. Habi ta kaɗa abawa, zare mai kauri da laushi, da hannunta, ta nufi gidan Turai.

"Turai, ga zare. Riga nika so in yi ma angona, ba shi da tsoka ko ta tsuntsu. Wane tsinke za ni ɗauka?"

"Ƙarfe mana, Inna Habi. Wanga shi na na Turawa."

"Bai yi ma zaren ƙanƙanta ba?"

"Ke da kinka zo jiya, har kin fara gyara ma malama karatu?"

Habi ta yi dariya ta karɓa. Ta zauna gindin rumbu ta yi ta fama. Zaren ya ƙi shiga sai da tura, wanda ya shiga kuma ya sulluɓe daga ƙarfen. Don tsoron sulluɓewar ta riƙa matse shi, har yatsarta ta fashe. Da ta gama, rigar ta fito da tauri kamar ƙirgi, ana iya tsayar da ita a ƙasa. Ta ce wa kanta ai tauri shi ke tare iska. Ta bi 'yan kasuwa zuwa Rabah ta sa wa yaron.

Kafin wuni ya ƙare rigar ta goge masa wuya da hammata. Mairama ta cire ta, ta mayar da shi cikin tsumma. Washegari ya fara tari.

Habi ta komo Wurno tana zargin hannunta. Ko gida ba ta shiga ba, ta wuce wurin Turai don a nuna mata inda ta ɓata. Ta yi sallama, ƙarar dakan maƙwabta ta danne muryarta. Ta tarar da Turai a bayan ɗaki tana saƙa abawa irin tata, da tsinakun itace masu kaurin ɗan yatsa, saƙar tana zubowa lallausa. Turai na ganinta ta tura aikin ƙarƙashin zane ta zauna a kai.

"Mi kika ɓoyo, ɗiyata?"

"Ba komi."

"To tashi, kar ba komin ya soke ki."

Mu'azu yana zaure, ya ji ya shigo. Habi ta miƙa masa rigar. Ya lanƙwasa ta, ta miƙe da kanta.

"Inna, da mi kinka yi wagga?"

Ta nuna masa ƙarfen. Ya dubi matarsa.

"Ke kinka ba ta?"

"In kowa ya iya, wa za ya zo wurina?" in ji Turai.

Wannan ita ce hujjarta duka, kuma ita ce hujjar kowane marowacin sani.

Mu'azu ya sa ta tashi, ya zare tsinakun daga aikinta. Ya ninka abawar Habi biyu ya ɗora a kan ɗaya, ya ce in zaren ya rufe tsinken daidai, sun dace; in ya yi masa yawa, a nemi wanda ya fi kauri. Habi ta warware rigar a nan take ta sake farawa. Zaren ya zauna a kan itacen bai gudu ba. Rigar da ta kai Rabah a karo na biyu tana dunƙuluwa cikin tafin hannu. Tarin ya daɗe, amma yaron ya rayu, da tabo a wuya.

Mu'azu ya tattara tsinakun gidan duka, na itace da na ƙarfe, ya raba wa matan da Turai ta yaudara. Ya hana ta saƙa, ba ta ƙara riƙe tsinke a gidansa ba.