Sa Hannun Akawu

Ƙarfe goma da rabi na safe, ana yayyafi, Tela yana tsaye gaban kanta ta uku a banki, ruwa na ɗiga daga lemarsa. Kashiya ta ɗaga cek ɗin, ta dubi kwamfuta, ta sake dubansa. Ta tambayi wanda ya cike shi. Ya ce shi ya rubuta kwanan wata da adadin kuɗin, mahaifinsa ya sa hannu.

"Rubutun duk daidai ne," ta ce. "Sa hannun ne bai yi kama da wanda ke wurinmu ba."

Ya yi mata bayani a hankali. Kuɗin jarrabawar 'yarsa ne, yau ƙarfe huɗu ake rufe rajista, in ta wuce sai baɗi. Shi aiki ya yi ƙasa a shago, kakanta ya ce zai biya daga fanshonsa. Ta saurare shi har ƙarshe. Ta ce cek umarni ne daga mai asusu, ita kuwa ba ta da abin gane mai asusu sai sa hannunsa. Ko a kawo wani cek mai sa hannu daidai, ko tsohon ya zo da kansa.

Baba, mahaifin Tela, ya shekara talatin da ɗaya yana akawun kotu, har yau Akawu ake ce masa a unguwa. Sa hannunsa abin kallo ne: harafin farko ƙato, ƙarshen ya lanƙwaso ta ƙasa, sannan ɗigo biyu. Bara ciwo ya taɓa masa ɓarin jiki. Ya tashi, amma hannun dama bai daina rawa ba, kuma tun lokacin bai taɓa asusun ba sai yau.

Da Tela ya koma gida ya faɗa masa, Baba ya ce ranar da ya buɗe asusun nan ko uwar kashiyar ba ta yi wayo ba. Ya sa aka miƙo masa tsohuwar kalanda, ya juya bayanta, ya shiga gwadawa. Sau tara ya yi. Na shida ya ɗan yi kama. Ganye biyu suka rage a littafin cek. Ya ja ɗaya, ya danne shi da hannun hagu, ya fara lafiya, da ya zo lanƙwasar sai biron ya zame ya keta takardar.

Jikarsa tana zaune bakin ƙofa da kayan makaranta. Ya dube ta, ya ce wannan uwargida tasa ta fi kotu tsare mutum da ido. Ta yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba.

"Kawo min sandata," ya ce wa Tela. "Da farar rigar."

Sha biyu ta gota suka shiga tasi. A banki aka kai su wani ƙaramin ofis mai bangon gilashi. Ma'aikacin da ke ciki ya duba katin shaidar Baba, ya ba shi farar takarda ya sa hannu sau uku. Ukun babu wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ma'aikacin ya ce, cikin ladabi, tunda hannun ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai a sauya shaidar asusun zuwa dangwale. Ya buɗe aljihun tebur ya fito da kwalin tawada.

Baba ya daɗe yana kallon kwalin.

"Yaro, ka san yatsu nawa na riƙe na danna a irin wannan? Waɗanda ba su yi makaranta ba ake yi wa."

"Na sani, Baba. Amma da shi likitoci ma suke yi in hannu ya gaza."

Baba ya leƙa ta gilashin, mutane cike a layi, wasu na kallon ciki. Ya tambayi Tela ƙarfe nawa. Biyu saura kwata. Ya tambayi ma'aikacin ko in hannun ya dawo za a mayar masa da sa hannunsa. Aka ce za a mayar. Sai ya miƙa babban yatsansa. Yana rawa, dole Tela ya riƙe masa shi ya danna, a fom sau biyu, a ganyen cek na ƙarshe sau ɗaya.

Sauran bai ɗauki minti goma ba. Kashiya ta ce ba sai sun ɗauki tsabar kuɗi ba, za ta tura daga asusun Baba zuwa na makarantar kai tsaye. Ta buga hatimi, ta ba Tela rasit, ta ce shi za a nuna wa mai rajista. Ya ninke shi ya sa a aljihun ƙirji.

A hanyar fita Baba ya cusa hannun dama cikin aljihu, ya koma riƙe sanda da hagu, tafiyar ta ƙi daidaita. Tawada ta riga ta ɓata bakin aljihun farar rigar. Wata mai shara tana goge sawun ruwa a bakin ƙofa. Ta dubi aljihun, ta jingine sandar gogenta, ta matso wani tsumma mai sabulu daga bokiti. Ta zaro hannun tsohon ta murza yatsan har shuɗin ya fita, ta sake shi.

Baba yana kallon titi duk lokacin. Ya mayar da sandar hannun dama, ya ce wa Tela ya buɗe lema, ita kuma ta ci gaba da goge ƙasa.