Muryar da ke Bakin Ƙofa

Abdulmannan bai taɓa kallon katun ba, kuma ba shi da niyyar farawa yana ɗan shekara talatin da takwas. Abin da ya shigo da shi Haɗeja ranar nan aike ne na mahaifiyarsa, Inna Mairam. Aiken kuwa gajere ne: ya je shagon Isa mai turin finafinai a waya, ya sa a goge muryar ƙaninsa Nu'uman.

Shi Nu'uman, Allah ya ji ƙansa, fassara ce sana'arsa. Irin katun ɗin Japan da samari ke kira anime, masu manyan idanu da gashi tsaye, su yake mayarwa Hausa. Yakan shige ɗan ƙuryar shagon Isa, ya sa wa makirfo safa don kada iska ta shiga, shi kaɗai ya yi muryar tsoho, ya yi ta budurwa, ya yi ta mage. Isa ya ɗora a kan hoton, ya riƙa tura wa mutane a waya. Abdulmannan manomin shinkafa ne, a wurinsa duk wannan shiririta ce, kuma bai taɓa ɓoyewa ba.

Daminar bara ruwa ya karya jinga, ya doshi fadama. Abdulmannan ya zo har shagon ya ɗauko ƙaninsa don su yanko abin da za su iya kafin ruwa ya shanye. Sun cika kwalekwale da dammuna fiye da ƙarfinsa, ya kife a tsakiya. Abdulmannan ya fito, Nu'uman bai fito ba. Kwana uku masunta suna lalube a cikin kacala, ciyawar nan mai duhu da ta cinye bakin kogi, ba su samu ko hularsa ba. Sai salla aka yi masa ba gawa.

Tun daga nan Inna Mairam ba ta sake zama daidai ba. Ta ji wani malami a rediyo yana cewa abin da mutum ya bari a duniya yana bin sa, alheri ko akasinsa. Sai ta fara mafarkin ɗanta tsaye cikin ruwa iya ƙirji, yana ta magana, yana sauya murya, ba ya tsayawa ko don numfashi.

“Ba a bar shi ya yi shiru ba,” in ji ta. “Kullum sai an kunna shi. Ka je ka ce su ƙyale mini ɗa ya huta.”

Ya yi mata alkawari. Abin da bai faɗa mata ba shi ne, shi ma yana da nasa dalilin. Ranar da ya je ɗauko Nu'uman, tsawa ya daka masa daga bakin ƙofa. Yaron ya fito bai ce uffan ba, har suka hau ruwa bai ce uffan ba. Shekara guda ke nan Abdulmannan yana ɗauke da wannan shirun. Ya gama yarda cewa ƙaninsa ya mutu yana fushi da shi, kuma tsoron jin muryar yake yi.

Da hantsi ya isa. Shagon na nan yadda ya san shi, rumfar kwano, wayoyi jere a caji, kwamfuta a lulluɓe da tsohon ɗankwali. Isa ya duƙufa a kan aiki bai gan shi ba. A kan benci kuwa samari biyu sun kaure da musu, har jijiyar wuya ta fito. Ɗaya Muttaka ne, direban adaidaita, wanda ya ajiye kekensa a bakin titi fasinjoji na wucewa. Ɗayan Solomon, ɗan wani malamin makaranta, yana hutu daga jami'a. Abdulmannan ya tsaya a gefe yana jira su sarara, bai san irin wannan musun ba ya da ranar ƙarewa ba.

“Takobin Gishiri ya fi, ko ka so ko ka ƙi,” in ji Solomon. “Dubi zanen kawai. Dubi faɗan da aka yi a kan gada. Kashi ɗari da ashirin, babu wanda za ka yi hamma a cikinsa.”

“Faɗa, faɗa, faɗa,” Muttaka ya ce. “Wannan ya yi ihu, wancan ya yi ihu, gashi ya sauya launi. To sai me? Ko 'Yan Ƙwallon Sama ya fi shi ma'ana, su aƙalla an san me suke nema. Amma in ana maganar wanda ya fi duka, Mai Gadin Rijiya ne. Ni da girmana sai da na yi kwana biyu ba na son a ƙwanƙwasa mini ƙofa.”

Duk sunayen nan Nu'uman ne ya raɗa su. Babu wanda ya damu da na asali, don ba su faɗuwa a baki.

Solomon ya yi dariya. “Matsalarka ke nan. Ni da rubutun Turanci na kalle shi, kuma wallahi labarin da kuka sani ba shi ne labarin ba. Marigayi ba ya jin Japananci, Turancin ma sama-sama. Hoto yake kallo ya ƙirƙiro nasa. Dogon nan mai tabo a fuska, da kuke cewa yayan yaron ne, ba su haɗa komai ba. Maƙiyinsa ne, rijiyar yake so ya ƙwace.”

“Ƙarya ne. Yayansa ne. Shi ya goya shi a wuya suka haye ruwa suna yara, shi ya sa yake masa faɗa, tsoro yake kada ya rasa shi.”

“Babu wannan a ciki, Muttaka.”

“A namu akwai.”

Abdulmannan ya kasa kunne. Shi ne ya taɓa ɗora Nu'uman a wuya, shekarar da ruwa ya shigo musu gida, yaron yana ɗan shekara huɗu yana riƙe da kunnuwansa. Bai taɓa zaton ya tuna ba.

“Kuma ƙarshen da kuke ta kurantawa,” Solomon ya ci gaba, “ba ƙarshe ba ne. Kashi na arba'in da ɗaya ne, akwai goma sha tara a gaba. Mai farin ƙyalle a fuskar nan da ya zo bakin ƙofa, ɗan aike ne kawai, wasiƙa ya kawo.”

“Wasiƙa!” Muttaka ya tafa hannu. “Ajali ne, malam. Ka ji muryar kuwa? Duk muryoyin da marigayi ya yi babu mai kama da ita. Daga nesa take zuwa, kamar daga ƙarƙashin ƙasa. Yaron yana jin ta ya ajiye guga ya bi ta, daga nan ba a sake jin maganar kowa ba, sai hoto yana ta tafiya shiru. Nuna mini wannan a Takobin Gishirinka.”

Haƙurin Abdulmannan ya ƙare. Rana na yi, kuma bai zo jin tatsuniya ba. Ya ɗaga murya yadda ya saba ɗagawa a gona.

“Kai, Isa! Fito mu yi magana, ba ni da lokaci.”

Muttaka ya juyo a hankali, bakinsa a buɗe, ya ja da baya har benci ya goce. Solomon ma, mai Turanci da hujjoji, dariyar ta bushe a fuskarsa.

“Innalillahi,” Muttaka ya ce ƙasa-ƙasa. “Ita ce. Wallahi ita ce.”

Isa ya miƙe da sauri har ɗankwalin kwamfuta ya zame. “Yaya Abdul! Sannu da zuwa. Ku kuma ku ba mu wuri.” Samarin suka fice ba musu, Muttaka yana waiwaye har ya hau kekensa.

Bayan gaisuwa da tambayar jikin Inna, Abdulmannan ya faɗi abin da ya kawo shi. Isa ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce gaskiya abin ya riga ya bazu, daga nan har Birniwa babu wayar saurayin da ba shi a ciki, amma uwar aikin tana wurinsa, in ya goge ta ya daina turawa, a hankali zai mutu da kansa. Wayoyi na lalacewa, yara na girma.

“To goge. Amma tukuna, me ya sa yaron nan ya kalle ni kamar ya ga fatalwa?”

Isa ya ce, “Yaya, laifina ne. Zo ka gani.”

Ya shigar da shi ƙuryar. Kujerar roba tana nan, makirfon na nan da safarsa, ta yi baƙi. Isa ya kunna kashi na arba'in da ɗaya, ya matsar da shi kusa da ƙarshe.

Wani siririn yaro ne a bakin rijiya cikin wani gida, yana jan guga. Sai muryar Nu'uman ta cika ɗakin, garau, da ɗan kaushin nan nata na wanda bai karya ba. Abdulmannan ya dafa bango. Yaron yana cewa, “Kullum ruwan nan ƙara matsowa yake yi. Jiya sai da igiya ta ƙare, yau kuwa ko rabinta ban...”

A hoton, wani mai farin ƙyalle a fuska ya tsaya a bakin ƙofa. Ba a ganin bakinsa. Sai wata murya ta taso daga nesa, mai kauri, ta ratso bango da ƙarar janareto:

“Kai! Fito mu tafi! Ruwa ba zai jira ka ba!”

Abdulmannan ya san muryar, kowa ya san tasa ko da ba ya son ta. Yaron da ke hoton ya saki guga, ya juya, ya nufi ƙofa. Daga nan babu magana, sai hoto.

“Yana cikin ɗauka ka zo,” in ji Isa. “Bayan rasuwar yara suka dame ni, sai na ba su kashin yadda yake. Ban lura muryarka ta faɗa daidai kan mutumin nan ba sai da aka fara maganarsa a gari. Har wasa suke da ita a layi, wani ya laɓe ya ce fito mu tafi, sauran su watse. Na rasa yadda zan gaya maka.”

Abdulmannan ya zauna a kujerar robar. Ashe shekara guda yaran garin nan suna kallon abin da yake gani duk lokacin da ya rufe ido, har suna musu a kan daɗinsa. Kuma ba su yi kuskure ba, Muttaka ya fi mai Turancin gaskiya.

“Goge,” ya ce. “Duka.”

“Zan goge. Amma akwai saura da na yanke, ban ba kowa ba, don ba na fim ba ne. Ba zan goge shi ba ka ji ba.”

Bai jira izini ba ya kunna. Babu hoto wannan karon. Aka sake jin tsawar daga nesa. Sai ƙarar kujera, sai Nu'uman ya matso da bakinsa kusa da makirfo, da muryarsa ta gida, wadda ba ta tsoho ba ce ba ta mage ba, yana dariya ƙasa-ƙasa.

“Isa, kar ka taɓa wannan, zan dawo in ƙarasa. Yaya ne. Ka ji shi ko? In ya yi wannan tsawar to a tsorace yake. Bari in je, kuma ba zan yi masa magana ba, in na buɗe baki dariya zan yi ya ce na raina shi.”

Takalmi ya ja ƙasa, ƙofa ta yi ƙara. Na'urar ta ci gaba da ɗaukar ɗakin da babu kowa, ana jin fanka tana juyawa, can waje wani yana tallan kifi.

Abdulmannan ya kifa fuskarsa a tafin hannu ya yi kuka, irin wanda bai yi ba ko ranar da masunta suka haƙura. Isa ya tsaya a bakin ƙofa ya juya masa baya, ya bar shi. Sai da fankar cikin na'ura ta yi ta juyawa har ɗaukar ta ƙare.

Da ya ɗago, Isa ya riga ya zaɓe aikin gaba ɗaya a kwamfuta, shekara shida na muryoyi, yatsansa a kan maɓalli.

“In danna?”

“Dakata.” Ya share fuska da hannun riga. “Wannan na ƙarshen, sa mini a waya, Inna za ta ji. In ta ji ta ce a goge, gobe zan dawo da kaina mu goge. Yau dai kar ka taɓa tasa.”

“To, Yaya.”

“Amma tawa, za ka iya cire ta? Daga cikin fim ɗin. Duk wanda ya zo turi daga yau ka ba shi wanda babu ni.”

Isa ya dube shi. “Zan iya, minti biyu ne. Sai dai abin ba zai yi ma'ana ba. Za a ga yaro yana jan ruwa, maganarsa ta tsaya a tsakiya haka kawai. In na cire muryarka, babu wanda ya kira shi ke nan.”

“Haka nake so,” in ji Abdulmannan.