Kwanon Ilu Daban

Ilu na kokawar ɗaga katako da hannu ɗaya sai ga muryar Alhaji Isiyaku, mai wurin, daga ƙofar ofis.

"Ajiye, Ilu! Na ce aikinka yanzu zama ne. Ka zauna kan benci a bakin ƙofa ka riƙa duba masu shiga da fita."

Ya ajiye. Shekara goma sha huɗu ya yi a kan injin yankan katako a nan Ƙofar Ruwa, kafin zarton ya tafi da hannunsa na dama wata biyar da suka wuce. Yau ya dawo. A asibiti wata ma'aikaciya ta koya masa saka maɓalli da riƙe biro da hagu, ta ce komai zai dawo daidai. Haka rediyo ma ke cewa kullum tun da soja suka miƙa mulki. Faɗa dai ba ta da wuya.

Zaman bencin bai dame shi sosai ba, azahar yake jira. Su biyar ne ma'aikatan wurin, kullum in an idar da salla sai su kewaye daro ɗaya na shinkafa da wake, a ci da hannu, a yi ta tsiya. Duk kwanciyar da ya yi, daron nan yake kewa, ba injin ba.

Da aka sallame ya matse buta a tsakanin gwiwoyinsa, ya wanke hagun da sabulu har sau uku, ya je ya tsuguna a gurbinsa, tsakanin Sabo da Muttaka. Hira ta tsaya cak. Sabo ya dubi hannun, ya dubi daron, ya shiga sosa ƙeya. Kowa ya san aikin hagu a bayan gida, amma wa zai faɗa?

"Malam Ilu," in ji Muttaka, wanda bai taɓa ce masa Malam ba, "ai kai yau baƙo ne. Ga naka na musamman."

Ya janyo wani kwanon samira daga bayansa, a rufe, da cokali a kai. Nama har yanka uku. Ashe tun safe suka zauna suka yanke shawara a kansa. Wannan ya fi masa zarton ciwo.

"Baƙuntar ta yau ce kawai, ko har gobe?"

"Haba, sauƙi muke nema maka. Ai cokali ya fi."

Ilu ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗago.

"Na gode," ya ce. "Allah Ya bar zumunci."

Ya rungumi kwanon a ƙirji ya nufi bencinsa. Bai yi taku goma ba ya ji hira ta dawo, har da dariya. Da ya waiwaya, tuni Sabo ya gyara zama ya cike gurbin, kamar dama can su huɗu ne.