Kyaftin ɗin da Na Ajiye a Alaska

Ni Ovide Cheramie, guguwa huɗu ta same ni a tsakiyar ruwa, kuma duk huɗun da hannuna na dawo da jirgina gida. Shekara hamsin da biyu ina jan taru ina kama jatan lande a bakin tekun Louisiana. Wata uku kacal na zauna a aji kafin ubana ya ɗora ni kan jirgi. Sunana kaɗai na iya rubutawa, amma ka kai ni ko'ina a wannan ruwa ka ɗaure mini ido, da warin iska zan gaya maka inda muke. Ba abin da ya taɓa durƙusar da ni sai wata takarda.

Jikata Noelie tana da shekara huɗu uwarta ta rasu. Ubanta, ɗana Clovis, ya ji ciwon baya a rijiyar mai, likita ya ba shi ƙwayoyi, ƙwayoyin suka riƙe shi. Wata safiya ya ajiye mini yarinyar a baranda da jakar kayanta, ya ce zai je neman aiki. Matata Eula, Allah ya jiƙanta, ta ce mu je kotu a rubuta cewa mu ne masu riƙonta. Na ce alƙali ne zai gaya mini jinina nawa ne? A garinmu yaro na wanda ke dafa masa abinci ne. Rabin yaran layinmu a hannun kakanni suka tashi, ba wanda ya je kotu.

Clovis bai dawo ba. Sau biyu ya bugo waya, ta ƙarshe shekara bakwai ke nan. Amma ni ba zan tsaya a bakin jirgi in ce ɗan Ovide ya lalace ba. Sai na ce yana Alaska, kyaftin ne na babban jirgin kamun ƙaguwa. Kowace shekara ina ƙara wa jirgin tsawo. Kowace Kirsimeti kuma in tuƙa mota zuwa wani gari in sayo kyauta, in ce daga ubanta. Yarinyar takan karɓa ta ce, "Ka gaya masa na gode, Pawpaw." Haka jikoki ke kiran kaka namiji a wurinmu, mace kuma Mawmaw.

Noelie ta tashi da kai irin nawa, sai dai nata ya shiga littafi. A shekararta ta ƙarshe a sakandare, jami'ar gwamnati ta wata jiha da ke gabas da mu ta ɗauke ta karatun yadda ake hana teku cin ƙasa. Wanda ba ɗan jihar ba kusan ninki uku yake biya, amma saboda makinta suka yafe mata wannan kuɗin baƙuntar gaba ɗaya. Na sa aka karanta mini wasiƙar jami'ar sau biyar. Na kai ta inda muke sayar da kamu, na buga ta a kan sikelin Elray Guidry, mai saye a hannunmu, wanda muke faɗa da shi kan farashi tun muna samari.

"Auna wannan, tsohon ɓarawo! Gaya mini nawa ne laba."

"Kai da ba ka san inda take kallo ba," in ji shi. "A kife ka riƙe ta."

Saura kuɗin makaranta na asali, da ɗaki, da abinci. Noelie ta ce akwai tallafin gwamnati da na jami'ar ga marasa hali, fom kawai za a cike, in bar mata. Na bar mata. Sai na ga ta daina maganar tafiya. Ta fara cewa kantin sayar da kayan jirgi na neman mai zama a kanta.

Wata Talata Madam Pitre, mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu, ta aiko in zo. Na sa rigar coci na tafi.

"Mista Ovide, fom ɗin Noelie na nan a tsaye wata biyu. Yana neman bayanin abin da ubanta ke samu, da amincewarsa. Kullum sai ta ce mini yana teku, zai cike in ya sauka."

"To a rubuta nawa. Ni na raine ta."

"Kana da takardar kotu?"

"Ina da shekara goma sha huɗu da na yi ina rainonta."

Ta cire tabarau. "A wurin fom ɗin nan kaka ba mahaifi ba ne, ko da shi ya yi komai. Kotu kuma lokacinta ya wuce, ta cika sha takwas. In ubanta na nan, dole shi zai cike, in kuwa kyaftin ne a Alaska, da wuya a ba ta sisi." Ta mayar da tabarau. "In kuma ba ya nan, akwai hanya. Jami'a za ta duba ta ita kaɗai. Amma sai da wasiƙa biyu daga mutanen da ba danginku ba, da suka san gidan, su shaida cewa ya bar ta kuma ba a san inda yake ba. Juma'a ta sama ake rufewa. In ta wuce, kuɗin baƙuntar da aka yafe mata ma ba zai amfane ta ba, don ba za ta iya biyan ragowar ba."

Na ce mata ɗana kyaftin ne. Na tashi na fita. Har yau ina jin kunyar wannan fitar.

Da na isa gida Noelie na bayan gida tana ɓare jatan lande a cikin roba. Na zauna kan bokiti.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Ba ta ɗago ba. "Kantin ma aiki ne, Pawpaw."

"Ina tambayar ki."

"Tun ina shekara tara na sani. Takalman da ya aiko daga Alaska, da takardar kantin Houma, garin nan na kusa da mu, a ƙasansu." Ta jefa ɓawo a bokiti. "Mawmaw ta mutu, gidan ya tafi a guguwa, jirgin ya tsufa. Wannan labarin kaɗai ya rage maka a bakin ruwa. Ba ni zan karɓe shi ba."

Ni da ruwa ya kai wa wuya ban yi kuka ba, sai na tashi na ce zan duba injin jirgina.

Wasiƙa ta farko ba ta yi wuya ba. Fada Anselm na cocinmu ya saurare ni, ya rubuta, bai ƙara da wa'azi ba. Ai shi sirri sana'arsa ce. Ta biyun ce matsala. Wanda ya san gidana tun kafin a haifi Clovis, yake raye, kuma ya iya rubutu, mutum ɗaya ne.

Na je da safe lokacin da jirage ke sauke kaya, mutum wajen takwas a tsaye. Na so in ja shi gefe, amma Elray bai san gefe ba.

"Ga uban kyaftin! Jirgin ya kai ƙafa nawa bana?"

Aka yi dariya. Na cire hulata.

"Babu jirgi, Elray. Babu Alaska. Clovis ya ajiye mini yarinyar nan ya tafi da ƙwayoyinsa, shekara bakwai ban ji muryarsa ba. Ban san ko yana raye ba. Ina so ka rubuta haka, ka sa hannu, don a bar ta ta yi karatu."

Injin ƙanƙara kaɗai ake ji. Wani ya sunkuya yana gyara igiyar da ba ta kwance ba.

Elray ya goge hannu a gaban rigarsa. Ya ce, "Zo ciki." A ɗan ofishinsa ya rufe ƙofa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Shekara biyar da suka wuce na gan shi a tashar mota a Texas," in ji shi. "Bai gane ni da farko ba. Na saya masa abinci. Ya tambayi yarinyar. Na ce ta yi tsawo."

"Ka bar ni ina ta zuba a gabanka shekara biyar?"

"Kai ma da ka bar ni." Ya jawo takarda. "Faɗa mini ranar da ya kawo ta. Kuma kada ka ƙara komai, Ovide. Yau ɗaya dai."

Ban ƙara ba. Ya rubuta shafi guda da rabi, ya karanta mini. Ban san tsohon ya lura da ni haka ba: ya sa har shekarar da na sayar da taruna na biyu don gyara mata haƙora.

Noelie ta rubuta nata bayanin. Ban nemi ta karanta mini ba. Ranar Alhamis Madam Pitre ta aika duka, kwana ɗaya kafin a rufe. Bayan sati uku amsa ta zo: sun duba ta ita kaɗai, sun ba ta tallafin, da ɗan aiki a ɗakin karatu. Abin da ya rage bai fi ƙarfin kamun lokacin kaka ɗaya ba, kuma ni Ovide ba a taɓa barina a baya a kamun kaka ba.

A watan Agusta na kai ta da tsohuwar motata, awa shida, da akwatin ƙanƙara cike da jatan lande don ta san ba bara ta je ba. A ƙofar ɗakin kwanansu wata mata mai riƙe da takarda ta dube ni ta ce, "Kai ne mahaifinta?"

Bakina har ya buɗe don ya kawo Alaska. Noelie na kallona.

Na ce, "Kakanta ne. Ubanta ba mu san inda yake ba. Ni na raine ta."

Matar ta rubuta, ta nuna mana bene na uku. Ni na hau da akwatin ƙanƙarar, ban tsaya hutawa ko sau ɗaya ba.