Kakar da Aka Kashe a Takarda

Mutanen da wannan labari ya shafa huɗu ne. Akwai Kaka, tsohuwa mai ɗinki, wadda shagonta yake jingine da nawa, katako ne kawai a tsakaninmu. Akwai jikarta marainiya da take riƙo, wadda muke kira 'Yar Zare domin a cikin zare ta yi rarrafe. Akwai Malamar Shawara, wadda makarantar sakandaren yarinyar ta ɗora wa aikin taimaka wa ɗalibai su nemi gurbi a jami'a. Na huɗu ɗan Kaka ne, kawun yarinyar, wanda ake kira Mai Jaka. Ni gyaran takalma nake yi, kunne kawai na sa a cikin lamarin.

Mai Jaka ya taɓa yin shekara biyu yana kai takardu daga ofis zuwa ofis a wata jami'a. Tun daga nan yake magana kamar shi ya haƙa harsashin ginin. Ya kama ɗaki a saman kantin magani, ya sa tebur da kwamfuta da hatimi, ya rataya allo cewa a nan ake sama wa yara gurbi. Yana sa tabarau alhali lafiyar idonsa ƙalau. Jakar kuwa ko wurin aski zai je tana hammatarsa.

A shekararta ta ƙarshe a sakandare, 'Yar Zare ta ce injiniyan injuna take so ta karanta. Sakamakonta ya kai, amma jami'ar ba ta tsaya a kan maki ba. Bayan fom, tana neman ɗalibi ya rubuta wasiƙa ya faɗi ko shi wane ne da dalilin zaɓen fanninsa, sannan mariƙinsa ya sa hannu a shafin ƙarshe, ya shaida cewa duk abin da aka rubuta gaskiya ne. Wanda ya makara ko aka kama shi da ƙarya, sai baɗi.

Malamar Shawara ta gaya wa ɗalibanta kowa ya rubuta abin da hannunsa ya taɓa yi. Yarinyar ta rubuta labarin ranar da keken ɗinkin Kaka ya soma tsallake ɗinki, ga kayan makaranta na yara talatin suna jira, mai gyara kuma ya yi tafiya. Tana da shekara goma sha biyu a lokacin. Ta kwance cikin keken da bakin wuƙa, ta jera kusoshin a faranti bi da bi don kada su rikice, har ta gano allurar tana sauka a makare da ɗan kaɗan. Tun ranar duk keken da ya yi gardama a layinmu wurinta ake kai shi.

Mai Jaka ya zo gaida mahaifiyarsa, ya tarar da takardar a kan tebur. Ya karanta yana taɓe baki.

"Wannan wasiƙa ce ko takardar neman aikin gareji? Jami'a fa za ki. Mutanen nan na zauna da su, na san abin da suke so. Hawaye suke so, ba man keke ba."

"Kawu, Malama ta ce..."

"Malama! Ita ta taɓa shiga ofishin magatakarda? Bar mini komai."

Ya jefa takardar a kwandon ƙyalle, ya tafi da fom ɗin.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu ake rufe karɓa. Bai dawo ba sai ranar da ƙarfe biyu, yana share gumi kamar wanda ya ɗauko jami'ar a ka. Ya shimfiɗa takardu a kan tebur, ya buɗe tawada.

"Inna, dangwala nan. Saura wannan kawai in tura."

Kaka ba ta iya karatu ba, amma tana da ƙa'ida. Ta ce, "Shekara arba'in ban taɓa sa almakashi a yadin da ban auna mai shi ba. A karanta mini."

"Inna, lokaci yana tafiya."

"Ya tafi, ba ni na aike shi ba. Ke, karɓi ki karanta."

'Yar Zare ta karɓa. Ta duba layin farko, sai ta yi shiru.

"Bakinki ya ɗinke ne? Ɗaga murya, kunnena ba na yara ba ne."

Yarinyar ta karanta. "Ba zan taɓa mantawa da ranar da kakata ta cika a hannuna ba, saboda injin asibiti ya tsaya babu mai gyarawa. A kan gawarta na yi alkawarin zama injiniya."

Ƙarar keken ta tsaya cak.

"Wace kakar?"

"Ke, Kaka."

"Yaushe na rasu?"

"An ce shekara uku ke nan."

"To, Allah ya jiƙaina. Jana'izar ta yi jama'a?" Ta juya ga ɗanta. "Kai ka samu halarta, ko kana ofis?"

Mai Jaka ya gyara tabarau. "Inna, ba ki gane ba. Salo ne na rubutu. Kowa haka yake yi."

"Na ji. To shafin da kake so in dangwala, me aka rubuta a kansa?"

Yarinyar ta duba ta ce, "Mariƙiya: kakarta."

"Madalla. Wato a shafi na biyu an binne ni, a shafi na biyar na taso na shafa tawada. Su malaman jami'ar shafi ɗaya kawai suke karantawa, kamar kai?"

Ban taɓa ganin mutum ya rasa inda zai sa idonsa irin ranar ba. Bai lura sam shafukan biyu sun ci karo ba. Wasiƙar a ajiye take a kwamfutarsa, suna da fanni kawai yake sauyawa. Mai son lauya, kakarsa baƙin cikin shari'a ya kashe ta. Mai son aikin gona, yunwa. Ga yarinya mai maraicin gaske a gabansa, 'yar ƙanwarsa ta ciki ɗaya, amma ko wannan bai tuna ba, domin gyara wasiƙar aiki ne.

Sai ya koma borin kunya. "Abu mai sauƙi. A goge sunanki, ni in sa hannu a matsayin mariƙi."

Kaka ta ce, "Ka riƙe ta? Lambar takalminta nawa?"

Ya juya kan yarinyar, inda ya ga ƙasa ta fi laushi. "Ke saurara. Saura awa biyu. In kin bi tawa, kin shiga. In kin bi tsohuwa, ki shirya taka keke shekara guda, ƙawayenki suna wucewa da littattafai. Zaɓi."

Yarinyar ta tsorata, wannan ba na ɓoyewa. Ta daɗe tana kallon takardar, domin an buga ta tsaf, ga hatimi, kalmomin ma manya ne. Sannan ta ajiye ta a hankali.

"Kaka, ina tawa wasiƙar? Wadda Kawu ya jefa a kwando."

Nan tsohuwa ta dafe baki. Ba ta zubar da takarda, duk wadda ta shiga kwandon nan tana zama ma'aunin yanka. Ta jawo aljihun keke ta fito da ita gida uku: wuyan riga, aljihu, da bakin hannu.

Mai Jaka ya tuntsire da dariya. "Ga digiri nan an yanka."

Kaka da jikarta suka shimfiɗa guntayen a kan tebur, Kaka tana haɗa baki da baki da fil kamar tana haɗa riga, yarinyar tana duba ko layuka sun haɗu. Layi biyu sun tafi da almakashi. Ta ce ta tuna su, ai ita ta yi aikin. Kaka ta sa aka karanta mata daga farko har ƙarshe, ta gyara abu guda, cewa yaran talatin da biyu ne, sannan ta dangwala yatsa. Yarinyar ta zare sauran fom ɗin daga ƙarƙashin hannun kawunta ta fita da gudu.

Malamar Shawara ta ba ni labarin sauran daga baya, da ta kawo takalmi gyara. Ta ce yarinyar ta shigo ƙarfe uku da kwata da takarda mai fil goma sha ɗaya. Malamar ta karanta, ba ta sauya komai ba, ta tashi daga kujerarta ta ce mata ta zauna ta buga da hannunta. Suka tura saura minti goma sha biyar.

Bayan mako shida jami'ar ta rubuto wa makarantar. Ɗalibai bakwai da suka bi ta ofishin Mai Jaka sun aiko da wasiƙa iri ɗaya, kakanni bakwai sun cika a hannun jikoki a shekara guda. Duk an soke takardunsu. Malama ta kira iyaye taro, biyu daga cikin mamatan suka zo da ƙafarsu, ɗaya ma ita ta fi kowa faɗa. Yaran nan bakwai su ne abin tausayi, domin sun rasa shekara a kan ƙaryar da ba su ƙirƙira ba. Mai Jaka ya ce hassada ce ta malaman jami'a, ya rufe ofis kwana goma, ya dawo ya sake wa allon fenti.

'Yar Zare kuwa an kira ta ganawa. Ta ce wani dattijon malami bai tambaye ta komai ba sai yadda ta gane allurar tana makara, suka kwashe rabin awa a kan keken ɗinki. Ta samu gurbin. Ranar da takardar ta zo, Mai Jaka ya riga kowa zagaya layi yana cewa shi ya ɗora ta a hanya. Da ya shigo shagon yana washe baki, Kaka ba ta ɗaga kai daga ɗinki ba. Ta ce, "Yi sallama a hankali, bawan Allah. Maƙabarta ka shigo."

Iyakar abin da na ji na kuma gani ke nan. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta riga ni, saboda haka duk wanda ya ga inda na karkace a harafi ko a zance, ya taimaka ya miƙe mini shi, zan karɓa da godiya.