Ƙarar da Likita Bai Ji Ba

Da igiya aka janyo motar cikin gareji, kuma tun kafin ta gama shigowa Likita ya gane ta. Wa zai gane ta in ba shi ba? Shi ya zaɓar wa Auta ita, shi yake juye mata baƙin mai. Sai dai yau bayanta ya lotse har but ya wangame baki, fitila ɗaya tana reto a jikin waya. Sifanar da ke hannunsa ta suɓuce ta faɗi.

Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta sauko daga motar da ta janyo su, mayafi a karkace, 'yarta a saɓe a kafaɗa. Yarinyar ta yi kuka har ta gaji, sai ajiyar zuciya take yi.

"Innalillahi! Auta, me ya faru?" Ya hau shafa jikar tasa, kai, hannu, ƙafa.

"A tsakiyar mararraba ta mutu, Baba. Ina cikin tafiya na ji ƙas, sai komai ya ɗauke. Ga motar kaya a bayana, gefenta ya daki but. Da direban bai kauce ba..." Ta nuna kujerar baya, inda yarinyar take zaune a lokacin, ta kasa ƙarasawa.

Likita bai taɓa karatun asibiti ba, kunnensa ne ya ba shi sunan. Yana da wata doguwar sukudireba mai jan mariƙi wadda ba ya kwance komai da ita. Sai ya ɗora tsininta a jikin inji, ya manna mariƙin a kunne, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon. Ƙarar da ke tashi in an faɗa rami ta ƙafa ce. Ƙara mai kama da fito da sanyin safiya, fanbel ne ya saki. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, boris ɗin taya ne ya cinye. Idan kuwa bugu ne mai nauyi daga can ƙasa, to a kashe inji a fara addu'a. Abu ɗaya ne ba ya ɗauka, wato mai mota ya tsaya yana kwaikwayon ƙara da baki. Da mutum ya fara "ƙwas-ƙwas-ƙwas" sai ya ɗaga masa hannu ya ce, "Malam, bar ta ta yi magana da kanta, ba ta ɗauke ka tafinta ba." Manyan mutane sun sha wannan, sun yi dariyar yaƙe sun haɗiye.

Ita ma Auta ta sha, a makon da ya wuce. Ta zo ta ce motar tana wata ƙara, ta tsuke baki za ta gwada masa, ya ɗaga mata hannu ya kwashe da dariya. Ya ɗora sukudireba, ya lumshe ido, ya ce lafiyarta ƙalau, kunnen mai ita ne ke ƙaiƙayi.

"Na faɗa maka tana ƙara, Baba," in ji ta yanzu. Ba faɗa take yi ba, kuma hakan ya fi ƙona masa rai.

"Ni da kaina na saurare ta! Babu abin da ke damun injin nan. Ina kika sha mai? Gurɓatacce suka zuba miki. Ko kin bar ta ta yi zafi ba ki duba allurar zafin inji ba?"

Ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba. Ya buɗe bonet, ya zaro sandar mai, mai yana nan daidai. Ya duba lagireto, ruwa cike. Ya murɗa makulli, inji ya juya fayau babu nauyi, ko alamar kamawa bai yi ba. Gabansa ya faɗi, don ya san ba mai ne ke sa inji ya juya haka ba.

"In haka ne me ya hana ki kira ni tun daga can?"

Auta ta dube shi da mamaki. "Na kira ka har na gaji."

"Ni? Wayata tana nan kan benci tun safe, ko tari ba ta yi ba."

Ta ciro tata wayar ta danna lambarsa. Nan take kowa a garejin ya waiwaya wajen bencin: mutumin da ya janyo su, da mai fenti da ke can gefe, da Dogo mai gyaran wuta, har jikar ta ɗago kai daga kafaɗar uwarta. Likita ya bi idanunsu da kallo. Wayarsa ce take haske a tsakanin sifanoni. Ya tsaya yana jiran ta yi ƙara, har hasken ya mutu.

"Ta lalace ke nan," ya ce, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

Dogo ya ajiye wayoyin da yake haɗawa. Tun suna samari suke raba rumfar nan da Likita, ɗaya inji, ɗaya wuta, kuma in ka ga Dogo ya goge hannu kafin ya yi magana, to maganar babba ce. Ya goge hannu. Ya kama Likita ya ja shi wajen wata farar mota da aka bari a tsaye, injinta yana aiki a sulo.

"Yaya, wannan fa? Me kake ji?"

Likita ya zaro sukudireba don ya huce haushi a kan wani abu. Ya ɗora, ya saurara. Gurnanin injin yana zuwa masa sumul. "Wannan ai ko jariri ya kwanta a kai sai barci."

"Sunkuya ka duba ƙarƙashi."

Ya durƙusa ya leƙa. Farantin gwangwanin da ke kare zafin salansa ya saki, ƙusa ɗaya ce ta riƙe shi, sai karkarwa yake yana dukan bututu. Irin ƙarar da a da yakan jiyo tun mota tana bakin titi, ya faɗi ciwonta kafin mai ita ya yi sallama. Ga shi yana kallonta da idonsa, tazarar hannu ɗaya, bai ji komai ba. Ya kai tsinin sukudireba ya danne farantin, karkarwar ta bi ƙarfen ta shiga tafin hannunsa. Ya saki, ya sake dannewa. Duniya ba ta canja ba a kunnensa.

Bai san lokacin da ya zauna daɓas a ƙasa ba.

"Tun yaushe?" ya tambaya.

"Tun bara na lura," in ji Dogo, ya tsuguna dab da fuskarsa. "Ƙara mai kauri kana ji. Siririyar ce ta tafi."

"Motocin da nake sallama fa? Ai babu wadda ta dawo."

Dogo ya sosa ƙeya. "In ka gama ka shiga wanke hannu, nakan zagaya in ce su tayar in ji. Ba ni da kunnenka na da, amma zama kusa da kai ya koya mini wani abu. In na ji, sai in ce musu kai ka ce a ƙara duba wuri kaza. Ranar da Auta ta zo na tafi sayen batir. Wallahi da ina nan, da motar nan ba ta fita ba."

Likita ya bi garejin da kallo. Mai fenti ya sunkuyar da kai yana ta motsa gwangwanin da ya riga ya motsu. Ashe kowa ya sani. Shi da yake ta mita cewa mutanen yanzu ciki-ciki suke magana, rediyoyin yanzu ba su da murya, har tsuntsayen bishiyar bakin gareji ya ce hayaƙi ya kore su. Ya ɗaga kai. Suna nan fal a kan reshe, bakunansu na motsi.

"A gida ma?" Auta yake tambaya, don ta matso ta tsaya a kansu.

"Mama ta hana a faɗa maka. Ta ce ranar da ka sani, ranar za ka kwanta. Ba ka ga kullum sai ta zagayo gabanka take magana ba?" Hawaye suka zubo mata. "Ni na ɗauka mu ne ba ka ji, Baba. Ban taɓa zaton har inji ba. Da ka ce lafiyarta ƙalau, sai na ƙaryata kunnena."

Wannan ce ta gama da shi. Ya dubi jikar, wadda yake tsokana yana kiranta amaryarsa, ta sa yatsa a baki tana kallonsa. Ya dubi inda motar kaya ta daki but, ya auna da ido abin da ya rage tsakanin wurin da kujerar baya. Bai kai tsawon sukudirebarsa ba.

Dogo ya ce, "Akwai asibitin kunne, Yaya. Ana sa wata 'yar na'ura. Gobe sai mu..."

"Za mu je."

Ya dafa taya ya miƙe, ya koma gaban motar Auta. Injin ya mutu, ba zai ƙara yin wata ƙara ba sai an buɗe shi, kuma duk garejin mutum ɗaya ce ta san abin da ya yi ta faɗa kafin ya mutu. Likita ya juya sukudireba a hannu, ya ajiye ta a kan bonet ɗin motar da ke kusa.

"Auta, zo nan. Yaya take yi?"

Ta dubi Dogo, Dogo ya kau da kai.

"Da baki, Baba?"

"Da baki."

Ta miƙa wa Dogo yarinyar, ta share ido, ta tsuke leɓe. Likita ya ga bakinta yana motsi. Ya matso, ya karkata kai, ya kafa tafin hannu a bayan kunne.

"Ɗaga murya."

"Car-car-car-car! Kamar ana jan sarƙa a kan kwano. Da safe take yi in na tayar, in ta ɗau zafi sai ta yi shiru."

"Jiya fa?"

"Tun shekaranjiya ba ta ƙara yin shiru ba."

Ya rufe ido. Sarƙar tayimin ce, mai daidaita bugun inji, ta saki, ta yi ta gargaɗi har ta gaji ta yi tsalle. Aikin yini guda ne, da an kama shi a makon jiya. Duk abin da yake bukata yana bakin yarinyar nan tun ranar, shi ya ɗaga mata hannu.

"Dogo, kawo akwatin sifana, za mu buɗe murfin gaba," ya ce. Sannan ya juyo wajen 'yarsa, hannunsa yana nan a bayan kunne. "Sake yi mini daga farko, Auta. Kada ki rage komai."