Kwalekwalen da Aka Rataye a Karkace

A makarantar kowa ya san abu biyu da Malam Saiti ba ya yi: ba ya wuce abu a karkace, ba ya kuma ba da haƙuri. Masinja ya rantse ya taɓa ganinsa a bakin titi yana gyara wa wani baƙo kwalar riga. Matarsa ta gaya wa malamar zane cewa ranar da ya taka mata ƙafa, cewa ya yi ƙafar ce ta fita daga layi. Amma idan yaro ya yi laifi ya zo ba da haƙuri, sai Malam ya karkato kunne ya ce, "Ɗaga murya, ban ji ba."

Shi da malamar zane aka ba ƴan aji biyar su kai babban gidan zane-zane da kayan tarihi. Tun a mota ya kafa doka.

"Ido ne naku, hannu a baya. Duk wanda ya taɓa wani abu, mota zai dawo ya zauna da direba, kuma sai ubansa ya ji."

Yana faɗa yana kallon Barkono, yarinyar da ko kofi ne ya faɗi a ofishin hedimasta sai an tambayi inda take. Ita kuwa tun makon jiya ba ta da zance sai ƙasusuwan ƙatuwar dabbar da aka ce an ajiye a hawa na sama na gidan. Babanta kuma ya riga ya ce in ƙararta ta sake zuwa masa ko sau ɗaya, ta yi sallama da fita yawon makaranta.

Jami'in da ke zagayawa da baƙi ya bi da su ɗaki bayan ɗaki, takalmansu na ƙara a kan tayil mai santsi. A wani dogon zaure suka tarar da zanen kwalekwale a kan ruwa, an rataye shi a karkace. Jami'in ya fara bayani, amma Malam yana can baya yana jera yara, bai ji ba. Da aka yi gaba sai idonsa ya faɗa kan zanen. Ya kau da kai. Ya sake dubawa. Ya tura hannu aljihu, hannun ya fito da kansa.

Ƙararrawa ta ɗauka kamar ana yanka ta.

Kafin mai gadi ya iso, Malam yana gaban wata tukunya yana nazari, hannu a baya. Barkono ce kaɗai kusa da zanen, ta durƙusa tana ɗaura igiyar takalmi.

"Kai, ruwan zai zube!" in ji wani yaro. Gaskiya ne kuwa, firam ɗin ya miƙe sarai, ruwan ciki ya karkata gefe guda. Ashe mai zanen ne ya ce a rataye shi haka.

"Ke!" in ji mai gadi.

"Wallahi ba ni ba ce, Baba." Ta dubi Malam. Malam ya ƙara duƙawa kan tukunya.

Aka kai ta tare da malaman biyu ofishin shugabar gidan, wata dattijuwa mai tabarau. Ta ce ba abin da ya lalace, amma ƙa'ida ce, wanda ya taɓa ya gama kallo.

"Hajiya, dubi tsayinta fa," in ji malamar zane. "Ko tsalle ta yi ba ta kaiwa ga zanen nan."

"Yaran zamani," Malam ya ce, "ba a shaidarsu." Yana magana yana daidaita biro da takardun da ke kan teburin matar.

"Ni dai ƙasusuwan nan nake son gani," in ji Barkono. "Don Allah kada a gaya wa Babana."

Amma duk idanu sun koma kan Malam. Ya gama da tebur, ya miƙe, yana ɗage yana gyara agogon bango. Ya ja da baya, ya runtse ido ɗaya, ya ƙara turawa kaɗan. Da ya juyo sai ya ga shugaba ta sauke tabarau, mai gadi ya riƙe haɓa, malamar zane ta toshe baki da mayafi kafaɗunta na girgiza.

"Agogon ne ya..." Bai ƙarasa ba.

"Mun gode, Malam," in ji shugaba. "Ya daɗe a haka. Baba, raka yarinyar mota."

Mai gadi ya buɗe ƙofa. Barkono ta ɗauki jakarta, ta goge ido da bayan hannu.

"Dakata," Malam ya ce. Ya gyara murya. "Abin da ya faru shi ne, a ƙa'idar lissafi, duk abin da aka rataye..."

"Malam," in ji malamar zane.

Ya dubi takalminsa, ya yi wata magana can cikin maƙoshi, wadda ko shi da kansa da ƙyar ya ji.

Barkono ta tsaya a bakin ƙofa. Ta karkato kunne.

"Malam, ban ji ba."

Mai gadi ya juya ya fuskanci bango. Malam Saiti ya ja dogon numfashi, ya ɗaga murya har yaran da ke jira a waje suka ji.

"Ni na taɓa zanen, ba ke ba. Ki yi haƙuri, ƴata. Je ki ga ƙasusuwanki, ni zan zauna da direba."